Ƙurar siminti da huhun masu gini: madara tana wankewa kuwa?

Birkilan Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Akwai maganar da kowa ya san da ita amma ba mai ɗago ta. Duk wanda ya yi aikin gini a garin nan na Kaduna ya san yadda ake tashi da yamma: hanci a toshe, ka fyace majina ka gan ta toka-toka, maƙogwaro yana ƙaiƙayi, wani ma ya kwana yana tari. Mun ɗauki abin a matsayin gadon sana'a. Leburorina da zarar an sallame su sai su wuce wurin mai shayi su sayi madarar gwangwani su shanye, wai tana wanke ƙura daga ƙirji. Haka muka taras ana yi. To yanzu akwai ɗaya a cikinsu, saurayi ne mai ƙarfi, ba ya iya hawa bene da kwanon kankare sai ya tsaya yana haki, kuma madarar bai fasa sha ba. Tambayata biyu. Madarar nan tana yin wani abu kuwa? In ba ta yi, me mai aikin yini zai yi ya tsira da huhunsa? Akwai ma'aikatan lafiya da injiniyoyi a zauren nan, don Allah ku taimaka mana.

Ɗan Dako Mando:
Wa alaikumus salam Oga. Ku masu gini ma kuna da sauƙi. Mu da muke sauke tirela, buhu 600 ne a mota, kowanne kilo 50, a ka ko a kafaɗa. Duk buhun da aka diro ƙasa sai ya fesar da ƙura, sito kuma ba taga, ƙofa ɗaya ce tal. Kafin a kai rabi ba ka gane fuskar abokin aikinka. Madara kam muna sha, wasu har da manja suke haɗawa. Ni dai in na sha ina jin maƙogwarona ya yi laushi.

Baba Magini Tudun Wada:
Ɗana na Rigasa, Allah ya yi albarka. Tun ana yaɓe da makuba nake wannan sana'a, a gabanmu siminti ya cika gari. Madarar nan mun sha, iyayen gidanmu ne suka koya mana, ga ni kuma har yau da ƙafata nake zuwa masallaci. Cuta da lafiya duk na Allah ne. Kada ku tsorata yara su gudu daga sana'ar hannu, ga zaman banza ya yi yawa a gari.

Ma'aikaciyar Jinya Kawo:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba wanda zai ce a bar sana'a. Amma maganar madara dole in faɗi gaskiya, domin a sashen masu tari nake aiki, kuma masu gini ba baƙi ba ne a wurinmu. Hanya biyu ce a wuyan mutum. Ɗaya ta abinci, tana sauka ciki. Ɗaya ta iska, tana sauka huhu. Madara ta farkon take bi, ƙura kuwa ta biyun, kuma da zarar sun wuce maƙogwaro ba inda suke haɗuwa. Ranar da madara ta kuskure ta bi hanyar iska, ƙwarewa mutum yake yi, kowa ya san wannan. Laushin da ɗan'uwa na Mando yake ji gaskiya ne, maƙogwaron ne ya jiƙe. Madara abinci ce mai gina jiki, wanda ya wuni yana ɗaukar buhu yana buƙatarta. Amma ko ƙwaya ɗaya ta ƙura ba ta fitarwa daga huhu. Manja ma haka.

Abin da ya fi damuna shi ne, ƙurar da kuke gani a majina ba ita ce babbar mai ɓarna ba. Waɗannan manyan ƙwayoyi ne, gashin hanci da majina sun tare su, kun fyace sun fita. Akwai ma'aunin da ake kira maikiron, wato a raba milimita ɗaya gida 1000. Silin gashin kai ɗaya yana kai maikiron 50 zuwa 70. Ƙurar da ba ta kai maikiron 10 ba tana wuce hanci ta gangara ƙirji, wadda kuma take wajen 4 zuwa ƙasa tana isa can ƙarshen huhu, cikin 'yan jakunkunan da iska take ratsawa ta shiga jini. Ido ba ya ganinta. Tana daɗewa tana yawo a ɗaki bayan an kashe inji, mutum ya cire ƙyallen hancinsa yana zaton wuri ya washe.

Injiniya Barnawa:
Sista ta gama magana kan madara. Ni zan raba wani abu da muke cakuɗawa. Ƙura iri biyu ce a wurin gini, kuma ɓarnarsu ba ɗaya ba ce.

Ta farko garin simintin kansa. Dutsen farar ƙasa ne da yumɓu ake ƙonawa a zafin da ya kai digiri 1450 a ma'aunin Celsius, a niƙe da ɗan wani ma'adini mai suna jifsum. Haka ake yinsa a Obajana, a Ashaka, a Sakkwato, ko'ina. Idan garin nan ya taɓa ruwa sai ya zama mai cin fata, a ma'aunin pH, wanda ake auna kaifin sinadari da shi, yana kai 12 zuwa 13. Hancinka da idonka da maƙogwaronka kuwa kullum a jiƙe suke, shi ya sa yake raɗaɗi, yake sa atishawa da tari. Wanda ya daɗe yana shaƙa yana iya kamuwa da tari mai kaki da ba ya ƙarewa, hanyoyin iska su ƙuntata, mai asma kuma tasa ta riƙa tashi.

Ta biyu ita ce silika, kuma ita na fi tsoro. Ba ta da yawa a cikin buhun siminti. Tana cikin yashin da tifa take kawo mana daga kogin Kaduna, da tsakuwa, da bulo da kankare bayan sun bushe, da tayil. Muddin yashi yana nan a yashinsa, da sauƙi. Amma da zarar ka ɗora injin yanka a kan bulo, ko ka tsaga bango don binne fayif ɗin wuta, ko ka goge kankare, ka mayar da shi irin ƙurar da Sista ta kwatanta. Jiki ba ya iya narkar da silika. Sai huhu ya riƙa yin tabo a kewayenta, tabon ya taurare, huhu ya kasa buɗewa yadda ya kamata. Ita ce cutar silikosis. Ba ta warkewa, kuma tana iya ci gaba ko da mutum ya bar aikin. Galibi sai bayan shekara 10 ko fiye take bayyana, amma mai shaƙa da yawa tana iya kama shi cikin shekara 5, ko ma ƙasa da haka. Tun 1997 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar silika cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin huhu.

Baba Magini Tudun Wada:
Injiniya, wannan magana ta inji na kama ta. Mu da guduma da kurfi muke tsaga bango, ɓaraguzai ne suke zubowa ƙasa. Bulo ma da bakin cokali muke sara shi. Wannan farin hayaƙi da nake gani yana fitowa ta tagogin gidajen da ake ginawa a Kinkinau da Millennium City, mu ba mu san shi ba. Kuma cikin sa'o'ina, waɗanda suka fi shan wahalar ƙirji a ƙarshen rayuwarsu masu fasa dutse ne da masu haƙar rijiya. Allah ya jiƙansu da rahama.

Mai Tayil Malali:
Amin Baba. Wannan farin hayaƙin namu ne, mu masu tayil da masu wuta da masu famfo. Mu ne muke shiga bayan an sa tagogi da ƙofofi, wani lokaci ma an liƙe gilashi da takarda don kada ya lalace. Ka shiga banɗaki ɗan ƙarami da injin yanka, ka yanka tayil goma, ba ka ganin hannunka. Na ji ana cewa a zuba ruwa. To Injiniya, inji na wuta ne, wayar kuma yawanci an yi mata ɗauri da leda a wuri uku, daga janareto take zuwa. Wa zai zuba ruwa a nan? Gudun ƙura kada mutum ya faɗa hannun lantarki.

Injiniya Barnawa:
Tambayarka tana kan hanya, kuma kada kowa ya kwara ruwa a jikin injin hannu. Abin da nake sa a yi a wurin da nake kula da shi: duk yankan da yake miƙaƙƙe, da abin yankan tayil na hannu ake yi, wanda ake ja a karce a danna ya ɓalle. Ba ya ƙura, ba ya cin fetur. Wanda dole sai da inji, a fitar da shi waje, ba a banɗaki ba. In aikin yana da yawa, a yi hayar injin tebur mai kwanon ruwa a ƙasa, don haka aka ƙera shi. In na hannu ne kawai, a jiƙa bulon ko tayil ɗin kafin a yanka, yaro ya riƙa ɗiga ruwa a bakin faifan da gorar roba da aka huda murfinta, nesa da ɓangaren injin da wuta take shiga. Waya mai ɗauri a canza ta, a ɗaga ta daga ƙasa, a sa na'urar da take katse wuta da kanta in an samu yoyo.

Ruwa ba ƙaramin abu ba ne. Ku tuna Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a bushe cikin gidaje. Gubar daban ce da tamu, amma hanyar shigarta jiki ta ƙura ce, kuma cikin abin da aka koya wa masu haƙar daga baya akwai jiƙa dutsen yayin aiki. Mai Tayil, in ana kawo maka irin dutsen haɗin nan da ake shimfiɗawa a saman kantar kicin, ka yi hattara ƙwarai, silikarsa tana iya wuce kashi 90 cikin 100. Ostireliya ta hana amfani da shi ɗungurungum daga Yulin 2024 saboda samarin da ya kashe wa huhu.

Sai shara. Yaron da ake bai wa tsintsiya da yamma ya share ɗakunan da aka yi yanka yana shaƙar abin da mai yankan ya bari. A yayyafa ruwa tukuna, a kwashe da shebur.

Ɗan Dako Mando:
Mu fa ba yanka muke yi ba, kuma ba a jiƙa buhun siminti. Takunkumin da aka raba lokacin Korona mun gwada. Kafin buhu ashirin ya jiƙe da gumi ya manne a baki, numfashi ya gagara. Kuma da buhu ake biyanmu, in ka tsaya gyara takunkumi wani ya ɗauke rabonka. Yawancinmu tsohuwar riga muke ɗaurawa a fuska.

Ma'aikaciyar Jinya Kawo:
Takunkumin Korona mai shuɗi ba don ƙura aka yi shi ba. Gefensa a buɗe yake, iska kuma inda ta samu sauƙi take bi. Tsohuwar riga tana tare manyan ƙwayoyi kawai. Wanda aka yi don wannan aiki shi ne mai rubutun N95 ko FFP2 a jikinsa, FFP3 ya fi su duka. N95 yana tace kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi, amma da sharaɗin ya kama fuska tsaf: igiyoyi biyu a bayan kai, a matse ƙarfen a kan karan hanci, a rufe shi da tafin hannu a busa, in iska ta fita ta gefe to bai zauna ba. Ku da kuke gumi, ku nemi mai ɗan murfi a gaba da yake fitar da numfashi, ya fi sauƙin zafi. Ba a wanke shi. In ya jiƙe ko numfashi ya fara nauyi, ya gama aiki. Wanda kullum cikin siminti yake, gara ya tara kuɗi ya sayi na roba mai matata biyu a gefe, ana canza matatar a ci gaba da amfani da robar. A duba rubutun da kyau wajen saye, jabu ya yi yawa a kasuwa.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye ba. Gemu yana hana takunkumi kama fata. Mai cikakken gemu, ko ya sa N95, iska tana ratsawa ta cikin gashin, kariyar ta ragu sosai.

Ɗan'uwa na Mando, maganinku na farko a sito yake: a buɗe wata ƙofa ko taga ta baya iska ta ratsa, a riƙa ajiye buhu maimakon jefa shi, wanda ya fashe a fitar da shi waje.

Malamin Islamiyya Unguwar Dosa:
Sista, na gode da kika faɗi maganar gemu a fili. Ba wanda zai ce wa ɗan'uwa ya aske gemunsa don takunkumi, kuma ba ki ce haka ba. Abin da na fahimta shi ne mai gemu ya fi kowa buƙatar a kashe ƙurar tun daga tushe da ruwa da iska. Baba kuma, Allah ya saka da alheri, gaskiya ne cuta da lafiya na Allah ne. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuma ƙa'ida ce a shari'a, ba cuta ba cutarwa. Wanda ya ɗauki mutum aiki ya tura shi cikin abin da ya san zai lalata masa ƙirji, alhali yana da ikon ragewa, akwai haƙƙi a kansa.

Ɗan Kwangila Unguwar Rimi:
Malam, na ji, amma bari in faɗi namu ɓangaren tunda duk magana kanmu take dawowa. Na taɓa sayen takunkumi da safar hannu da takalman ruwa na raba. Takunkumin a wuya suka rataye, takalman kuma ban sake ganin wasu ba. Ruwa da kuke ta faɗa, a sabbin unguwanni ba famfo, tanka muke saye ko 'yan garuwa, kuma mai gida yana lissafin kowace jarka. Siminti ya yi tsada, rodi ya yi tsada, in ka sa kuɗin kayan kariya a takarda mai gida ya ba wani aikin. Leburan da na ɗauka yau a bakin titi gobe yana wani wuri, ban san shi ba bai san ni ba. Ta yaya ciwon da zai fito masa bayan shekara goma zai zama nawa?

Birkilan Rigasa:
Alhaji, ranka ya daɗe, da girmanka amma ban yarda ba. Ruwan da ake shayar da bulo da dekin safe da yamma har mako guda, ba wanda ya taɓa cewa ya yi tsada, domin kowa ya san in ba a yi ba gini zai tsage. Jarka biyu ta isa yankan wuni guda. Takunkumin da suka rataye a wuya, wa ya taɓa zama da su ya yi musu bayanin da Sista ta yi mana yau? Su a saninsu madara ta wadatar, to me zai sa su jure zafin takunkumi? Kuma wane iri aka saya musu? In mai shuɗin nan ne, suna da gaskiya da suka cire.

Maganar ban san shi ba bai san ni ba, ita ce ainihin ciwon. Yaro ya yi wata biyu a Barnawa, uku a Mando, shekara a Rigachikun, kowane oga ya ɗiba kaɗan daga huhunsa. Ranar da ya kasa ɗaukar kwano sai ya koma ƙauye, a ce ciwon ƙirji ne ya kama shi, wasu ma su ce jifa ne. Ba wanda zai danganta shi da gini. Lebura ba shi yake zaɓar inda za a yi yanka ba, ba shi yake sayen inji ba, ba shi yake cewa a buɗe taga ba. Ni da kai da Injiniya ne muke da wannan bakin. Ni ma ina ciki, ban cire kaina ba.

Ɗalibar Lauya Kakuri:
Kan tambayar Alhaji, doka ta yi magana. Akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, take gudanarwa. Mai ɗaukar ma'aikata ne yake zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a cire ko kwabo daga kuɗin ma'aikaci. Ba rauni da mutuwa kaɗai ta ƙunsa ba, har da cututtukan da aiki yake jawowa, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da na wucin gadi. Inda gizo yake saƙar shi ne hujja. Mai aikin yini ba shi da takarda, ba sunansa a rajista, ba wanda ya auna ƙirjinsa ranar da ya fara. Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyin magina da 'yan dako: ku buɗe littafi, a riƙa rubuta wa ya yi aiki a ina, daga yaushe zuwa yaushe, wane irin aiki. Kowa kuma ya adana katin asibitinsa da hoton ƙirjinsa. Manyan kamfanoni masu ayyukan gwamnati kuwa ba su da uzuri ko kaɗan, ma'aikacinsu yana da damar tambaya ko an yi masa rajista.

Maman 'Yan Biyu Hayin Banki:
Sallama gare ku. Ni matar mai buga bulo ce, na ga ba a yi maganarmu ba. Maigida yana dawowa fari fat, yara su ruga su rungume shi. Kayan aikinsa ni nake kakkaɓewa a tsakar gida kafin in wanke, ƙurar ta tashi har kan tukunya. Hannayensa duk sun tsage, da damina ƙafarsa har ruwa take yi. Sista, mu ma abin yana shafarmu? Kuma tarinsa ya kai wata guda, maganin tari na kwalba yake saye a kyamis.

Ma'aikaciyar Jinya Kawo:
Yana shafarku, 'yar'uwa, musamman yara da mai asma. Ki daina kakkaɓewa. Ya riƙa canza kaya a wurin aiki, ya zuba na aikin a leda ya ɗaure, ke kuma ki juye su kai tsaye cikin bokitin ruwa, a wanke su daban da na yara. Ya wanke fuska da hannu kafin ya taɓa kowa.

Hannu da ƙafa, cin simintin ne da Injiniya ya faɗa, kuma akwai wani sinadari a ciki mai suna kuromiyam da jikin wasu yake ƙi, in ya fara sa ƙuraje da ƙaiƙayi ko ɗan kaɗan ya taɓa sai ya tashi. A Turai tun 2005 doka ta taƙaita yawansa a siminti. Ya sa safar hannu ta roba mai kauri da takalmin ruwa, amma in kwaɓi ya shiga cikin takalmin ya cire nan take ya wanke, domin wanda ya maƙale a fata ya fi ƙuna kuma ba a jin zafinsa sai ya ci. Kada a wanke hannu da fetur ko kananzir. In ya faɗa ido, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 20 ba tsayawa, sannan a tafi asibiti. Ba murzawa, ba tozali, ba nono.

Tarin wata guda kuwa, don Allah gobe ya tafi asibiti, kada ya ƙara sayen kwalba. Duk tarin da ya kai mako biyu ana gwajin tarin fuka, balle in da zazzaɓin dare, ko gumi, ko rama, ko jini a kaki. Gwajin kaki da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da cibiyoyin da aka ware, maganin na wata 6 ne kuma ana warkewa in an sha shi har ƙarshe. Mai silikosis ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da tarin fuka kamar ninki uku, domin ƙurar tana raunana ƙwayoyin da suke tsaron huhu. Kuma ga abin da nake roƙon kowa a zauren nan: in ka shiga wurin likita, ka faɗi sana'arka ko bai tambaya ba. Ka ce ina yanka bulo, ina sauke siminti, shekara kaza. Tabon silika da na tarin fuka suna iya kama da juna a hoton ƙirji, in likita bai san aikinka ba sai a yi ta neman abu guda a bar ɗayan. Akwai kuma gwajin busa, wanda ake auna ƙarfin huhu da shi, a tambaya a manyan asibitoci irin Barau Dikko ko na koyarwa da ke Shika. Oga na Rigasa, wannan saurayin naka mai haki shi ma ya je, haki yana iya zama huhu, yana iya zama zuciya ko ƙarancin jini, sai an duba. Mai shan taba kuma ya sani, taba da ƙura in sun haɗu ɓarnarsu ta fi ta kowanne shi kaɗai.

Ɗan Kwangila Unguwar Rimi:
Birkila, maganar shayar da bulo ta shige ni. Zan iya sa jarkar yanka da takunkumi na gaske cikin kuɗin aiki, in ku shugabannin magina za ku tsaya a kan yaranku su sa. Amma ku ma ku daina karya wa juna farashi, in na ƙara wannan a takarda kada wani ya zagaya ya ce zai yi ba tare da shi ba.

Birkilan Rigasa:
Wannan zan kai ta zaman ƙungiyarmu, da ita da maganar littafi. Ba zan yi alkawarin kowa zai yarda ba, amma yarana ni ne a kansu.

Mai Bulo Hayin Banki:
Uwargida ta riga ni magana, na kuma ji, gobe insha Allah zan je. Injiniya, tambaya ɗaya. Mu a fili muke aiki, ba ɗaki ba, amma lokacin juye buhu da gauraya shi da yashi a bushe ƙura tana turnuƙe mu, da hunturu kuma abin ya ninka. Akwai dabara?

Injiniya Barnawa:
Akwai. Kada a ɗaga buhu sama a zazzage. A kwantar da shi a kan yashin, a tsaga shi da wuƙa ta tsawonsa, a janye buhun a hankali, kada a kaɗe shi, a naɗe shi ciki-ciki. Yashin ya zama mai ɗan danshi, a rufe simintin da shi kafin a fara juyawa da shebur. Sannan ka lura da iska. A Kaduna da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina kuma daga kudu maso yamma. Masu kwaɓi su tsaya iska tana bugun bayansu. Rumfar da ake cin abinci da randar ruwan sha su kasance ta ɓangaren da iskar take fitowa, in yanayi ya juya a matsar da su. In akwai gidajen mutane ta ɓangaren da ƙurar take tafiya, ka kafa buhuna ko langa-langa ka tare.